Kafin ka kai allura jikin tsohon MiG ɗin nan

Sani, ɗaya daga cikin yaran da ke koyon haɗa ƙananan jiragen roba a wajena, ya kawo wannan tambaya: "Maigida, barka da aiki. Na samu tsohon saitin MiG-15, jirgin yaƙin nan na Tarayyar Sobiyet, ma'aunin 1/72, a wajen mai kayan gwanjo, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Amma layukan jikinsa a tashe suke, ba a nutse ba irin na saitin zamani. Ina so in goge su kaf, in sake tsaga su da allura, in yi masa fenti ruwan azurfa, in sa masa tambarin sojan saman Nijeriya. Ta ina zan fara?"

Sani, sannu da ƙoƙari. Inda za ka fara shi ne ka mayar da allurar nan inda ka ɗauko ta. Layukan da suka tsone maka ido ba su ne matsalar jirgin ba. In ka bi ta kansu, ƙarfinka zai ƙare a inda ba mai dubawa, ka bar inda kowa zai fara kai ido.

Ka san abin da ya sa suka tashi? Mazubin da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki na ƙarfe ne. Mai sassaƙa shi in yana son layi sai ya ja ɗan tsagi a jikin ƙarfen, in yana son kan ƙusa sai ya ɗiga rami. Abin da ya nutse a ƙarfe shi ke fitowa a tashe a roba. In kuwa nutsattsen layi ake so, sai an cinye ƙarfen gefe da gefe an bar siririn tudu a tsaye, aiki mai cin lokaci da kuɗi. Kamfanonin shekarun 1950 da 1960, irin su Airfix da Frog a Ingila, da Revell da Aurora da Monogram da Lindberg a Amurka, yara 'yan makaranta ne manyan masu sayen kayansu. Airfix ma a leda take ƙulla ƙananan nata, da 'yar takarda mai hoton jirgin a bakin ledar, a sayar a kantunan Woolworths kan kuɗin da yaro zai iya tarawa. Ya saya da safe, ya manna da rana, kafin dare yana zagaya ɗaki da shi. Irin abin da ke hannunka ke nan.

Kada kuma ka ɗauka nutsattsen layi shi ne gaskiya, wanda ya tashi ƙarya. Yi lissafi. Ma'aunin 1/72 na nufin inci ɗaya a teburinka ƙafa shida ne a jikin jirgin gaske. Tsagin da allurarka za ta bari, a ce faɗinsa milimita 0.2 ne, in ka ninka sau 72 ya haura milimita 14. Wane jirgin yaƙi ne zai tashi da gibin da yatsa zai shiga tsakanin farantan jikinsa? Dukansu biyu dabara ce ta nuna wa ido inda faranti ya haɗu da faranti. Matchbox, da ta shigo harkar a farkon shekarun 1970 da robarta mai launi biyu ko uku, ta yi nutsattsun layuka a jirage da yawa, masu zurfin da har gobe masu wannan aiki suke tsokana a kai.

Sannan gangar jikin MiG-15 zagayayya ce tun daga baki har wutsiya, babu shimfiɗaɗɗen wurin da allura za ta zauna. Robar da ta shekara hamsin ko sittin ta bushe, ba ta yankuwa sumul, ɓantarewa take yi. Duk inda hannunka ya goce sai ka cike da fila, wato ƙullun da ake toshe rami da shi, kuma duk inda fila ta shiga fentin azurfa zai tona asirinsa. Garin neman gira ka rasa ido. Ko ka gama lafiya ma, siffar jirgin tana nan yadda mai mazubi ya bar ta. A wancan zamani jiragen Tarayyar Sobiyet abin ɓoyo ne. Sojojin Amurka da kansu sai da suka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo musu MiG-15 lafiyayye, kuma a watan Satumba na 1953 wani matuƙin Koriya ta Arewa, No Kum-sok, ya sauka da nasa a filin jirgin Kimpo da ke Koriya ta Kudu. Masu yin kayan yara kuwa da hotunan jarida da zanen mujallu yawancinsu suka yi aiki. Har akwai jirgin da Aurora ta sayar da sunan MiG-19 alhali MiG-19 na gaske bai yi kama da shi ba. Saboda haka in ka gwada naka da ingantaccen zane ka ga hanci ya yi siriri ko wutsiya ta yi tsawo, kada ka yi mamaki. In cikakken MiG-15 kake so, wanda ya dace da awo, sabon saiti za ka nema. Wannan kuwa ka haɗa shi a matsayin abin da yake, amma da tsafta.

Ka buɗe shi, kada ka ji tsoro. Wasu za su ce a ajiye a rufe don zai yi daraja. Su masu tarawa ne, mu masu haɗawa ne. Ka wanke sassan da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano, ka goga da tsohon buroshin haƙori, don maiƙon mazubi da dattin shekaru suna hana fenti kamawa. Kada ka murɗe sashe daga reshen da yake maƙale, ka yanke shi nesa kaɗan sannan ka gyara da reza. In fiffike ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka miƙe shi da hannu, ka sa a ruwan sanyi.

Babban aikin yana cikin hanci.

Jiragen yaƙi masu farfela yawancinsu tayoyi biyu ne a gaba da ƙarama ɗaya a ƙarƙashin wutsiya. Jet na farko-farko ma an gwada su a haka, abin bai yi daɗi ba. Samfuran farko na Messerschmitt Me 262 na Jamus da tayar wutsiya aka yi su, kuma ranar 18 ga Yuli, 1942, da Fritz Wendel zai tashi da shi da injin jet zalla, sai da ya ɗan taɓa birki yana cikin gudu kafin wutsiyar ta ɗaga. Yak-15 na Sobiyet kuwa wutar injinsa kan tayar baya take bugawa, har aka mayar da tayar ta ƙarfe. Shi ya sa jet suka koma taya a ƙarƙashin hanci: Gloster Meteor da de Havilland Vampire na Ingila, P-80 da F-86 Sabre na Amurka, da MiG-15 ɗin nan naka. A jirgin gaske nauyin yana ɗan gaban manyan tayoyi, ga bindigogi, ga matuƙi, ga na'urori. MiG-15 manyan bindigogi uku ne a ƙarƙashin hancinsa, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23. Naka kuwa fanko ne, nauyinsa yana inda roba ta fi yawa, wato wannan ƙatuwar wutsiya da ta karkata baya. Ranar da ka ɗora shi kan tayoyinsa zai zauna daɓas, hanci a sama, kuma a lokacin ka riga ka rufe ciki.

Matsala ta biyu tana tare da ta farko. Ɗaga rabin jikin biyu ka haɗa su da hannu, ka leƙa ta baki. In irin na wancan zamani ne, za ka hango haske ta wutsiya. Babu inji, babu bango, wani lokaci ko kujerar matuƙi babu, sai ɗan mutum zaune kan tsinke. Ba mai lura da cewa layin fiffike ya tashi, amma ko yaro ya leƙa ya ga taga ta cikin jirgi zai yi dariya.

Dabara ɗaya ce ke maganin biyun. A MiG-15 na gaske iska tana shiga ta baki, wani bango a tsaye ya raba ta biyu, ta bi dama da hagun mazaunin matuƙi kafin ta kai ga inji. In saitinka bai zo da wannan bango ba, yanko shi daga siririn farantin roba, ko tsohon katin da ba a amfani da shi, ka tsayar da shi a tsakiyar bakin. Can ciki kaɗan ka yanka wani zagayayye ya toshe hanyar gaba ɗaya, ka shafa masa baƙin fenti mara ƙyalli. Ido zai ga duhu ya ɗauka rami ne mai zurfi. Ta baya kuma ka yanko guntun bututun biro, ka toshe ƙarshensa na ciki, ka baƙanta shi, ya zama mafitar wuta. Ka yi na bayan kafin ka auna nauyi, don shi ma ƙari ne a kan wutsiya.

Bayan wancan zagayayyen bango na gaba, da gefen mazaunin matuƙi, da saman ramin tayar hanci, nan darma za ta ɓuya. Darmar masunta ko wadda masu balansin taya suke maƙalawa ta isa. Ka buga ta da guduma ta yi faɗi, ka yayyanka, ka wanke hannu bayan ka gama. Kada ka tambaye ni giram nawa, jirgin ne zai faɗa maka. Haɗa komai da tef ɗin takarda ba tare da gam ba, har da fukafukai da ƙananan fukafukan wutsiya da murfin matuƙi. Kwantar da fensir a kan tebur, ka ɗora jirgin a kai daidai inda manyan tayoyi za su tsaya. Yi ta ƙara darma har hancin ya faɗi gaba da kansa, sannan ka ƙara 'yar kaɗan, saboda fila da fenti ma za su ƙara wa baya nauyi. Kada dai ka wuce gona da iri, ƙafafun tsohuwar roba ba sa ɗaukar kaya. Wajen maƙala darmar ka yi amfani da gam mai haɗi biyu. Gam ɗin roba na cikin tub kuwa kada ya kusanci wurin, domin shi narkar da roba yake yi, kuma in ka tara shi a rufaffen wuri zai yi ta ci daga ciki, bayan mako ka ga hancin ya lotsa.

Ka gode wa Allah MiG ne. Vampire, mai guntun jiki da wutsiya biyu, ya fi shi wahala nesa ba kusa ba, ko ka cika hancin fal wani lokaci sai ya zauna. Akwai kuma hanya mai sauƙi da masu saitin da kansu suka tanada: yawancinsu suna zuwa da 'yar matsaya da rami a cikin jirgin. Ka rufe ƙofofin tayoyi, ka ɗora shi kamar yana sama, ba darma ba rigima. Ba abin kunya ba ne. Amma kai koyo kake yi, don haka a ƙafafunsa nake son ganinsa.

Sai haɗin tsakiya, inda rabi da rabi suka gamu daga hanci zuwa wutsiya. Ƙananan turakun da ake cusawa a rami don daidaita ɓangarorin sukan kauce a tsohon saiti. In sun hana gefuna daidaita, aske su ka daidaita da ido. Sa gam mai ruwa-ruwa da siririn buroshi, kaɗan-kaɗan, taga a buɗe, kana matsawa har narkakkiyar roba ta ɗan bullo a kan haɗin. Wannan bullowar ita ce filarka, kuma ta fi kowace fila, don jinsinta ɗaya da jikin. Ɗaure da robar ɗaure kuɗi, amma ka kula kada gam ya bi ƙarƙashinta ya zana maka sawu. Ka bar shi kwanaki, ba dare ɗaya ba. Haɗin da aka goge da wuri yakan ci gaba da shanyewa, sai bayan an yi fenti siririn layi ya dawo.

Da ya bushe, manna tef dama da hagun haɗin, ka bar tsakani kamar milimita biyu ko uku. Tef ɗin ne zai kare layukan nan daga samfefa. Kankare tudun da bakin reza a tsaye, sannan samfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 600 zuwa 1000 zuwa abin da ya fi haka laushi. Duk da haka layukan da suka tsallaka ta kan haɗin za su yanke, kuma ga yadda ake mayar da su. Yanko guntun reshen da sassan suka zo a jiki, ka riƙe shi sama da harshen kyandir kana juyawa, kada ya taɓa wutar. Da ka ga ya yi ƙyalli ya fara lanƙwasa, janye shi daga zafin ka ja hannuwanka a hankali. Zai miƙe ya zama zare. In ka ja da sauri ya yi siriri, in a hankali ya yi kauri. Zaɓi wanda ya yi daidai da layin, ka yanka ɗan guntu, ka kwantar da shi a gibin, ka taɓa shi da bakin buroshi mai ɗigon gam. Taɓawa ɗaya tak, in ka maimaita zai narke. Washegari ka shafe shi sama-sama da samfefa mafi laushi.

Fentin azurfa farar shadda ce, ko ɗigon manja ba ta ɓoyewa. Kowane ƙarce, kowane sawun yatsa, har inuwar fila, sai ya fito. Don haka ka fara da shimfiɗar fenti ruwan toka, siririya, ka kai shi hasken rana ka jujjuya, ka gyara abin da ka gani, ka sake. In feshi za ka yi, baƙin fenti mai ƙyalli a ƙarƙashi yana sa azurfar ta yi kama da ƙarfe. Tinar masu fentin mota kada ta taɓa robar tsirara, cinye ta take yi. In buroshi ne, ja sau ɗaya ka wuce, kada ka koma kan wurin da bai bushe ba. Lokacin hunturu kuwa ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka fara, ka kifa kwali a kan jirgin da zarar ka gama.

Ka kuma san cewa azurfa ba iri ɗaya ba ce. Meteor da Vampire na sojan saman Ingila fenti ne aka yi musu mai launin alminiyam, bai ɗaya daga hanci har wutsiya. Vampire ma gangar jikinsa ta katako ce, babu ƙarfen da za a bari tsirara. Sabre da yawancin MiG-15 na yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, ƙarfen ne da kansa ake gani, faranti-faranti, wani ya fi wani haske. A nan layukan da kake son gogewa za su yi maka rana. Su ne iyakar da za ka bi da tef ka ware faranti uku ko huɗu, ka ɗiga baƙi ko toka a cikin azurfar ka sake shafa musu, musamman kewayen mafitar wuta da wajen bakin bindigogi. Ka fara manna tef ɗin a tafin hannunka ya rage danƙo, in ba haka ba zai taso da fentin. Sannan ka kwantar da bakin fensir a gicciye ka bi kan layukan a hankali. Saman tudun kaɗai zai kama, kuma daga taku biyu ba mai iya cewa a tashe suke ko a nutse.

Murfin matuƙi yana da kauri, bar shi haka, ka dai goge shi da tsumma mai laushi. Farin gam na kafinta za ka sa masa. Gam mai kamawa nan take tururinsa yana mayar da shi fari fat.

Sitikar ruwa da ta zo da shi ita ce abin da shekaru suka fi ci. In ta yi rawaya, sa takardar a leda mai haske ka manna a jikin gilashin taga, rana za ta rage rawayar. Ka riƙa dubawa, don ranarmu ba irin ta Ingila ba ce. Kafin ka jiƙa wadda kake buƙata, gwada da wadda ba za ka yi amfani da ita ba. In ta tarwatse a ruwa, shafa wa sauran banish mara launi, siriri, ya bushe, sannan ka yanka kowace daf da gefenta. A kan wuri mai ƙyalli ake ɗora ta, don a kan mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙarƙashi ta yi fari-fari. In danƙonta ya mutu, ɗan farin gam da aka tsinka da ruwa ya isa.

Batun tambarin Nijeriya kuma, a nan zan taka maka birki. Gaskiya ne jiragen MiG sun iso Kano a watan Agusta na 1967, farkon yaƙin basasa, shekara uku bayan kafa rundunar sojan sama. Amma na yaƙin MiG-17 ne, MiG-15 da suka zo tare da su kuwa na horo ne, masu kujera biyu da dogon murfi, waɗanda ake kira UTI. Naka mai kujera ɗaya ne. MiG-17 kuma ba a samun sa da sauya fenti: jikinsa ya fi tsawo, fukafukansa sun fi karkata baya, kuma 'yan katangun da ke tsaye a kan kowane fiffike uku ne, na MiG-15 biyu. Sa masa jan tauraron da ya zo da shi, ko tambarin Koriya ta Arewa in shi ke cikin takardar. Kore da fari da kore ka adana su har ka samu MiG-17 ko UTI.

Ranar Asabar ka zo da shi a ɗaure da tef, da darmarka a yayyanke, da fensir. Kada ka sa gam ko ɗigo kafin in leƙa ta bakinsa.